Ƙasidun tallan motocin Ingila na da: takardar muke kewa ko motar?

Tsohon Hedimasta:

Assalamu alaikum, jama'ar zaure. Ina so in kawo maganar ƙasidun da kamfanonin mota na Ingila suka riƙa bugawa don tallan motocinsu ƙirar salun, tun daga ƙarshen shekarun 1940 har zuwa tsakiyar shekarun 1970, wato irin waɗanda ake miƙa wa mutum a kantin mota ya tafi da su gida, ya yi ta juya su kafin ya yanke shawara. Ina da wasu a ajiye, na Morris da Austin da Humber da Rover, kuma ra'ayina shi ne sun cancanci a adana su kamar yadda ake adana tsofaffin jaridu, domin motocin kansu tsatsa ta cinye yawancinsu, takardar ce ta rage tana ba da shaida.

Wadda ta fi kwanta mini a rai ita ce ta Rover P4, motar da aka ƙera daga 1949 zuwa 1964. Takardar mai kauri ce, ba a cika ta da surutu ba. Ana nuna maka kujerun fata, da katakon Afirka da aka ƙawata dashbod da gefen tagogi da shi, da ƙofofin baya waɗanda maƙalarsu take a baya, ta yadda idan aka buɗe ta gaba da ta baya sai su rabu daga tsakiya, da kuma ɗan faifan kayan gyara da ake zarowa daga ƙarƙashin dashbod, kowace sufana tana kwance a gurbinta. Wanda ya shirya wannan ƙasida ya ɗauka cewa mai karatu mutum ne mai hankali wanda zai riƙe motarsa shekaru masu yawa, kuma da wannan girmamawa ya yi masa magana. Abin da nake kewa ke nan. Ina neman jin ta bakinku, musamman waɗanda suka taɓa motocin da hannunsu.

Sarkin Gareji:

Wa alaikumus salam. Ranka ya daɗe Malam Hedimasta, ni ina cikin waɗanda suka taɓa su da hannu, domin a kansu na koyi aikin kanikanci, kuma da izininka zan saɓa maka. Motar da take cikin ƙasida daban, wadda take shigowa gareji daban. A takarda kullum za ka gan ta a kan kwalta mai santsi, ga ciyawa kore shar a gefe, ga iyali sun shimfiɗa tabarma suna cin abinci a bakin ƙorama. Mu kuwa hanyoyinmu na wancan lokaci yawancinsu burji ne mai gargada, kuma salun ɗin da aka auna ta da hanyar Ingila ba ta jure wannan. Gindinta ya yi ƙasa, sai salansa ta riƙa gugar tudun da ke tsakiyar hanya. Shokozoba ba ya daɗewa, sifirin yana karyewa, lagireto yana tafasa da zafin watan Afrilu, ƙurar hunturu kuma tana bi ta robar ƙofa ta shiga but ta rufe kayan mutum.

Na tuna wani ma'aikacin En'e da ya karɓi bashin mota ya sayi wata salun ta Ingila mai kyan gaske, amma rabin shekararta ta farko a gindin bishiyar garejinmu ta yi shi, ana jiran wani ɗan ƙarfe ya zo ta jirgin ruwa, shi kuwa ana cire masa kuɗin bashi daga albashi kowane wata. Da Peugeot 404 ta shigo a shekarun 1960, ba wanda ya yi wa jama'a wa'azi. Direbobi da kansu suka ga bambanci. Wannan mota ta lashe gasar tseren Safari ta Gabashin Afirka a 1963 da 1966 da 1967 da 1968, kuma wannan ya fi kowace ƙasida tasiri a tasha. Guda ɗaya nake cire wa hula, ita ce Morris Minor, wadda ta yi aikin tasi a biranen ƙasar nan har ta gaji. Injinta a fili yake, hannu yana kaiwa ko'ina, kuma idan ka murɗa makulli za ka ji famfon mai yana ƙas-ƙas-ƙas har ya cika kabireta sannan ya yi shiru.

Hajiya Mai Ɗab'i:

Ni a maɗaba'a na yi aiki, saboda haka ta wannan ɓangaren zan shigo. Alhaji Sarkin Gareji ya yi gaskiya cewa hoton ba ya faɗin gaskiya, amma ya kamata a san yadda aka yi shi. Har zuwa ƙarshen shekarun 1950, yawancin ƙasidun nan ba hoton kyamara ba ne a cikinsu, zane ne na hannu da fenti na feshi. Mai zanen yakan ja motar ta ƙara tsawo da faɗi, ya sauke rufinta ƙasa kaɗan, sannan ya ƙanƙantar da mutanen da ke ciki, sai ka ga manya uku sun zauna a kujerar baya suna murmushi, ga sarari ya rage tsakaninsu, a motar da a zahiri mutum biyu ma sai sun haɗa kafaɗa. Duk wanda yake da ƙasidar Vauxhall ko Hillman ko Standard ta wancan zamani, ya ɗora ta kusa da hoton ainihin motar, zai ga abin da nake nufi. Da hoton kyamara mai launi ya kama kasuwa a shekarun 1960, wannan dabara ta ragu, ko da yake an koma wasa da haske da kusurwar ɗauka.

Amma, Alhaji, ƙasida ba bango kaɗai ba ce. Ka juya shafin ƙarshe, inda aka jera bayanin mota da ƙananan haruffa: girman inji, yawan silinda, ƙarfin doki, tsawo da faɗi da nauyi, girman taya, galan nawa tanki yake ɗauka, da tazarar gindin mota daga ƙasa. Wannan shafi injiniyoyi ne suka ba da shi, kuma mai saye da ya iya karatu zai gane daga nan ko motar za ta hau hanyar garinsu. A can ƙasa kuma akwai jimlar da kamfani yake cewa yana da ikon sauya kowane bayani ba tare da sanarwa ba, da lambar bugu wadda sau da yawa take nuna wata da shekara. Farashi kuwa galibi a wata 'yar takarda daban ake sa shi, domin ya fi saurin canzawa. Abin da ya fi burge ni shi ne zanen da ake yanka motar a nuna cikinta, kowane fistin da kowane haƙorin giya a wurinsa. Aikin makonni ne na mutum ɗaya da alƙalami, kuma a wannan zanen babu wurin yin ƙarya.

Mazaunin Coventry:

Gaisuwa ga iyayena da ke wannan zaure. Ina zaune a garin da ya kasance cibiyar wannan sana'a, inda Jaguar da Standard da Triumph da Humber da Hillman duk suke da masana'antu, kuma ina so in ƙara dalilin da ya sa ƙasidun suka bazu har ƙasashenmu. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu Birtaniya tana cikin bashi, tana neman kuɗin waje ido rufe, sai gwamnati ta ɗaure rabon ƙarfe da yawan motocin da kamfani ya fitar waje. Wanda bai sayar a ƙetare ba, ba zai samu ƙarfen aiki ba. Shi ya sa a bikin baje kolin motoci na Earls Court a Landan a 1948, inda aka fara nuna Morris Minor da Jaguar XK120, ɗan Ingila yana iya kallo ya karɓi ƙasida, amma kafin ya samu motar sai ya yi jira na shekaru, alhali ana loda su a jirgi zuwa Ostireliya da Amurka da Afirka ta Kudu da kuma ƙasashen da Ingila take mulka. Wajen 1950 babu ƙasar da ta kai Birtaniya fitar da motoci waje.

A nan ne maganar Baba Sarkin Gareji take da ƙarfi. Sun samu kasuwa a sauƙaƙe, ba su ga dalilin sake ƙira ba. Abin da aka fi yi wa motar da za ta ƙasa mai zafi shi ne a sa mata matatar iska mai amfani da baƙin mai, a ƙarfafa sifirin, a ƙara wa fanka ƙarfi. A Ostireliya, da motarsu ta gida mai suna Holden ta fito a 1948 da inji mai silinda shida wanda aka yi don dogayen hanyoyinsu, cikin 'yan shekaru ta ƙwace kasuwa daga hannun motocin Ingila.

Ɗan Autan Zaure:

Iyayena, ina bin maganar da sha'awa. Na duba hotunan Austin Cambridge da Morris Oxford da wata Wolseley na farkon shekarun 1960, sai na ga kamar mota ɗaya ce aka sauya mata fuska, har ma na ga suna kama da Peugeot 404 ɗin da Baba ya ambata. Idona ne, ko akwai dalili?

Tsohon Hedimasta:

Ɗana, idonka ya gani daidai. A 1952 Austin ta Longbridge da rukunin Morris na Cowley suka haɗe suka zama kamfani ɗaya mai suna BMC, amma kowane suna ya ci gaba da riƙe dillalansa da masoyansa. Saboda haka daga ƙarshen 1958 zuwa 1959 suka fito da bodi ɗaya, wanda kamfanin zane na Pininfarina da ke Italiya ya tsara, suka raba shi gida biyar: Austin Cambridge, Morris Oxford, Wolseley, Riley da MG Magnette. Injin ma asalinsa ɗaya ne, mai cc 1489 da farko, aka ƙara shi zuwa 1622 a 1961, sai dai na Riley da MG an sa musu kabireta biyu. Shi wannan kamfani na Italiya kuma shi ya zana Peugeot 404 da ta fito a 1960, kamannin daga nan ya samo asali.

A nan ne nake ganin darajar ƙasida, kuma ina roƙon Alhaji ya lura. Idan ka jera ƙasidun nan biyar, za ka ga ƙarfe ɗaya ne, amma mutum biyar ake yi wa magana. Ta Austin da ta Morris suna magana da magidanci mai iyali wanda yake lissafin kuɗin mai. Ta Wolseley tana nuna katako da fata da ɗan tambarin da ke kamawa da wuta a gaban lagireto idan an kunna fitila, tana neman likita ko manajan banki. Ta Riley da ta MG suna maganar gudu. Babu littafin tarihin da zai nuna maka yadda Turawan Ingila suka kasa kansu aji-aji a fili kamar waɗannan takardu. Haka abin yake a sama: Jaguar Mark 2 ta 1959, mai inji har lita 3.8, ga wanda ya yi kuɗi yana son a gani. Rover ga wanda ya gaji mutunci ba ya son hayaniya. Rover P5B, wadda a 1967 aka sa mata injin silinda takwas da aka sayo ƙirarsa daga Buick ta Amurka, ita ce ta ɗauki firayim ministoci daga Harold Wilson har zuwa Margaret Thatcher. An daina ƙera ta a 1973, amma gwamnati ta ci gaba da amfani da ita, har a cikinta Thatcher ta isa Downing Street, gidan firayim minista, a 1979.

Baƙon Damagaram:

Barkanku da muhawara. Mu a Nijar ba mu tashi da waɗannan motoci ba. Peugeot da Renault da Citroën muka sani, ƙasidunmu kuma da Faransanci suke zuwa. Morris da Austin sai idan an gangara Kano ake ganinsu, kuma abin da iyayenmu suka fi ba da labari shi ne wahalar sauya hannu a kan iyaka, tun da ku a hagu kuke tuƙi mu a dama. Ina ganin ranar 2 ga Afrilu 1972, da Nijeriya ta koma hannun dama, ta yi wa motocin Ingila illar da ba a ambata ba a nan. Daga ranar, mota mai sitiyari a dama ta zama tsohon yayi, kuma fifikon da Ingila take da shi a kasuwarku ya tafi. Da aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna a 1975, magana ta ƙare.

Zangon Kumasi:

Haka aka yi a Gana, mu a watan Agusta 1974 muka sauya hannu. Ina so in ƙara abu ɗaya game da adanawa: a bayan ƙasidar akwai wani fili da ake bari don dillali ya buga hatiminsa. Wadda take ɗauke da hatimin wani kanti na Kumasi ko Kano ko Jos ta fi mini wadda ta fito fes daga Ingila daraja, domin ita ce take nuna wace mota ta iso garuruwanmu, ta hannun wa, kuma a wane titi kantin yake.

Mazaunin Coventry:

Baba Sarkin Gareji, ina da abin da zan ɗora a kan maganarka, ka yi mini haƙuri. Idan laifin ƙirar ne kaɗai, yaya za mu yi da Indiya da Iran? Morris Oxford ta 1956 ce aka kwashe kayan ƙirarta zuwa Indiya ta zama Hindustan Ambassador, aka yi ta ƙera ta kusa da Kolkata har 2014, tana ɗaukar ministoci tana kuma aikin tasi a hanyoyin da ba su fi namu kyau ba. Hillman Hunter ta 1966, wadda ta lashe tseren Landan zuwa Sydney a 1968, ita ce ta zama Paykan a Iran daga 1967 har 2005. Ford Cortina ma, ƙirar Dagenham, ta ci gasar Safari a 1964. Ni a ganina abin da ya kashe su a wajenmu shi ne rashin kayan gyara a kusa da kuma rikicin da kamfanonin suka faɗa a gida. An haɗa da yawa daga cikinsu aka yi British Leyland a 1968, yajin aiki da ƙarancin inganci suka dabaibaye shi, har gwamnati ta karɓe shi a 1975. Rover SD1 ta 1976 ta ci kyautar motar shekara ta Turai, ƙasidarta kuma tana cikin mafi kyau, amma sunan da ta yi na rashin ƙarko ya bi ta har ƙarshe. Masana'antar Longbridge ta durƙushe a 2005, sunan MG yana hannun 'yan Sin yanzu, Jaguar kuwa kamfanin Tata na Indiya ya saye ta a 2008.

Sarkin Gareji:

Ɗana, ka yi karatu, Allah ya ƙara basira, amma misalanka biyu ba su rushe maganata ba. Indiya ta rufe ƙofarta ga motocin waje shekaru da yawa, mai saye ba shi da zaɓi sai Ambassador ko wata ɗaya ko biyu, kuma da ƙaramar motar Maruti ta fito a 1983 ka san inda jama'a suka nufa. Iran ma kare Paykan aka yi da haraji. Motar tsere kuwa an yi mata shiri na musamman, ba ita ake sayar wa malamin makaranta ba. Inda aka bar direba ya zaɓa da kuɗinsa, a Kano ko Nairobi ko Sydney, ya bar salun ɗin Ingila. Maganar kayan gyara gaskiya ce, amma tanadin kayan gyara ai yana cikin alkawarin da mai sayarwa ya ɗauka, kuma ban taɓa ganin ƙasidar da ta gaya wa mutum tsawon jiran da zai yi ba. Abin da Hajiya ta faɗa game da shafin ƙarshe na yarda da shi, domin mu ma a gareji wannan shafin muke nema idan littafin mota ya ɓata. Malam Hedimasta ya adana takardunsa, ni ma zan so in gan su, amma idan za a nuna wa yara, a gaya musu duka biyun.

Hajiya Mai Ɗab'i:

To, tun da an yarda a adana, ga abin da ya kamata. Kada a manne su da roba mai zafi irin ta katin shaida, domin ba ta ɓantaruwa kuma tana lalata launi. A cire 'yan ƙarafan da suka ɗinke tsakiya idan sun fara tsatsa, tun kafin su ci takardar. A kwantar da su a shimfiɗe cikin akwatin ƙarfe, a ɗaga shi daga ƙasa saboda gara da laimar damina, kuma a nisanta su da hasken rana. Malam, idan ka amince, a ɗauki hoton kowane shafi har da bayan mai hatimi, a sa a zauren nan.

Ɗan Autan Zaure:

Na gode, iyayena. Dalilin tambayata shi ne akwai wata Morris Minor ta kakanmu a rumfar bayan gida, an ɗora ta a kan duwatsu tun kafin a haife ni. Gilashin gabanta guda ɗaya ne, kuma a jikin ginshiƙin ƙofa akwai wani ɗan hannu da aka ce yana miƙewa idan za a karya kwana. Ina son sanin shekararta, kuma ko za ta tashi.

Mazaunin Coventry:

Ƙanena, gilashi mai rabi biyu ya ƙare a 1956 da fitowar Minor 1000 mai cc 948, ɗan hannun sigina kuma an daina sa shi a 1961, saboda haka taka tana tsakanin waɗannan shekaru. Ka ɗaga bonet ka kwafi lambar da ke kan ɗan farantin ƙarfe a jikin bangon inji. Gidan tarihin motoci na Birtaniya da ke Gaydon yana riƙe da rajistar masana'antar, kuma da wannan lamba suna iya ba ka takardar shaida mai nuna ranar da aka ƙera ta da launinta na asali da inda aka tura ta. Ka kuma duba tsakiyar bonet, za ka ga wani ɗan tudu ya miƙe daga gaba zuwa baya: Alec Issigonis, wanda ya tsara ta, shi ne ya ga motar ta yi ƙunci ana dab da fara ƙira, ya sa aka raba ta biyu aka ƙara mata inci huɗu.

Sarkin Gareji:

Jikana, kada ka kuskura ka sa mata batir ka murɗa makulli. Ka fara cire fulogi huɗun, ka zuba ɗan baƙin mai a kowane rami, ka bar shi ya kwana biyu, sannan ka nemo hendil ɗinta, wataƙila yana cikin but, ka zura ta gaba ka juya a hankali ka ji ko injin yana motsi. Idan ya ƙi, kada ka tilasta masa. Ka zubar da tsohon man da ke tanki, ka duba ƙasan bodi da wurin da sifirin baya ya kama, domin can tsatsa take fara ci, birki kuma sai an sake shi gaba ɗaya. Idan lokacin batir ya yi, ka lura cewa yawancin motocin Ingila na wancan zamani wayar fozitif ce take kama bodi, saɓanin motocin yanzu. Ka turo hoton injin da na farantin lambar mu gani, kafin ka kira kowane bakanike ya taɓa ta.